Bugu Uku a Ƙarfen Gado

Makarantar koyon aikin jinya da na yi ba wata babba ba ce. Bene ne hawa ɗaya a bayan tashar mota, ƙasa azuzuwa uku, sama ɗakin gwaji mai gadajen ƙarfe shida. A gado na farko akwai wata 'yar tsana ta roba, girman mutum, kunnenta ɗaya ya guntule. Ba ta da suna, sai muka riƙa kiranta Baiwar Allah. A jikinta muka koyi allura da wanka da juya majinyaci, kuma allurar da ta sha a hannuna ni kaɗai, da mutum ce da ta kai ni ƙara.

Mai koyar da mu aikin gado wata gajeriyar mace ce mai agogo maƙale a ƙirjin riga. A gabanta Malama muke cewa, a bayan idonta kuwa Malama Tsaf. Dalili shi ne ba ta iya yabo ba. Ki yi aiki ki haɗa gumi, ta zo ta duba, ta shafa zanin gado da tafin hannu, ta leƙa ƙarƙashin katifa, in ya yi mata sai ta ce "tsaf", ta wuce. Shi ke nan, kin samu naki. A shekara uku sau huɗu na samu, kuma ko yanzu aka tashe ni daga barci zan faɗi ranakun da abin da na yi a kowace.

Abu biyu ta fi tsanantawa a kai. Na farko, ba a taɓa majinyaci sai an ƙwanƙwasa ƙarfen gadonsa ta wajen ƙafa, sau biyu, da bayan yatsa, sannan ki faɗi ko ke wace ce da abin da ya kawo ki.

"Mutum ya baro gidansa," in ji ta, "ya baro ƙofarsa da makullinsa, an karɓe kayan jikinsa an sa masa rigar asibiti. Abin da ya rage masa gadon nan ne. To gadon ɗakinsa ne, ba a faɗa masa kai tsaye."

Ko majinyacin a sume yake sai an ƙwanƙwasa. Baiwar Allah ma sai an ƙwanƙwasa mata.

Na biyu, ninkin ƙafa. In kin lulluɓe majinyaci, kafin ki cusa zanin a ƙarƙashin katifa sai ki ɗan ninka shi a tsakiya ta wajen ƙafa, faɗin yatsu huɗu, don yatsun ƙafarsa su samu wurin motsi. Gado marar ninki ya fi kyan gani, shafal kamar an goge shi, amma wanda ke ciki shi ya san abin da yake ji.

Ninki ban taɓa samun matsala da shi ba. Ƙwanƙwasawar ce ta ƙi ni. Ni mutum ce mai rawar jiki, da na ga Malama tsaye a bayana sai yatsana ya ƙara ɗaya. Kullum uku.

"Biyu na ce," in ji ta. "Na ukun na mene ne, gobara ake yi?"

Aji ya kwashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Uku. Ta yi faɗa, ta sa ni tsayuwa a gaban Baiwar Allah ina ƙwanƙwasa mata har aka tashi, a banza. Ranar da aka yaye mu, da ta zo miƙa mini takardar shaida, sai da ta riƙe ta ba ta saki ba, ta ce, "Ke dai na gaza." Amma tana murmushi, kuma ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

Aminiyata a makarantar ita ce Gajera. Duk ajin ta fi kowa tsawo, shi ya sa. Gado ɗaya muke gyarawa a gwaji, ita ta can ni ta nan, mu ɗaga zani mu sake shi ya sauko a hankali iska na fita ta gefe. Da rana mu zauna a matakalar bene muna raba burodi ɗaya, muna jin 'yan kamasho na kiran fasinja a tasha, muna tsara irin asibitin da za mu yi aiki. Ba mu da komai a lokacin, kuma ban tuna wani zamani da na fi jin daɗinsa ba.

Da muka fita aiki, a asibitoci 'yan ƙwanƙwasa ake kiranmu, kuma sunan yabo ne. Likita in ya ji bugu a ƙarfen gado ba ya sake tambayar takarda. Ni da Gajera muka samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa, ita a sashen mata masu kwanciya, ni aka ajiye ni a ɗakin allura na masu zuwa su koma gida. Kafin nan na yi ƙarin karatun shekara biyu a wata makaranta daban, kuma magatakardan da ya buɗe mini fayil takardar sama, ta ƙarin karatun, kawai ya ɗauka, ya ce ita ce babba, ta ƙasan in riƙe abata. Ɗakin allura ba gado, benci ne da kujera da labule. Shekara goma sha ɗaya ina can, ba wanda ya taɓa jin na ƙwanƙwasa komai.

Ana nan mai makarantarmu ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Ni ban ma san fuskarsa ba. Sai wata safiya muka ji a rediyo cewa wata yarinya a wani asibiti ta yi wa majinyaci allurar da ba tasa ba, da kyar aka ceto shi. Da aka bincika, ashe yarinyar ba ta taɓa zama a aji ba, sayen takarda ta yi, takardar kuwa ta makarantarmu ce. Aka ce ba ita kaɗai ba ce, sun kai ɗaruruwa. Aka ce ɗan mai makaranta ne ke sayarwa, shi kuma ya yi layar zana. Aka kafa kwamiti, aka sa wa ƙofar makaranta sarƙa da kwado. A ƙasan kowace takardar bogi akwai sa hannun shugabar koyarwa, wato Malama, duk da cewa ta yi shekara biyu da barin aiki. Jarida ta buga sunanta a layi na biyu, ƙarƙashin na ɓarawon.

Cikin mako ɗaya 'yan ƙwanƙwasa ya zama zagi. Dangin majinyata suka fara tare nas a bakin ƙofa suna tambayarta makarantar da ta yi kafin ta taɓa musu ɗan'uwa. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne wannan: wanda ya sayi takarda ai bai taɓa hawa benen nan ba, bai san Baiwar Allah ba, bai san ana ƙwanƙwasa gado ba. Duk wadda aka ji ta buga ƙarfe, to ita ce ta gaskiyar. Amma da bugun aka riƙa kama mu, 'yan bogin kuma suna wucewa da hannu a aljihu. Wannan wane irin lissafin hankali ne? Ba wanda ya tsaya ya yi tunaninsa.

Asibitinmu ya manna sanarwa a allo: duk mai takardar makarantar nan an dakatar da shi har sai kwamiti ya gama aiki, ba albashi. Babbar Nas, wadda shekararta biyu kawai da zuwa, ta zauna da fayil-fayil ta tsince mutum biyar. Gajera na ciki. Nawa fayil ɗin ta buɗe, ta ga takardar sama, ta rufe.

Na tarar da Gajera a ɗakin canja kaya tana kwashe takalmanta da kofinta a leda. Na ce mata zan je in faɗa, ai tare muka yi.

"Ki je ki faɗa ki ci me?" in ji ta. "Kamfanin su baban yaranki ya rufe, gidan a kanki yake, yara huɗu. Ni mijina yana aiki. Ki riƙe bakinki." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ki riƙe hannunki kuma, Uku. Na san ki."

Ta san abin da take faɗa, don mutum biyar sun tafi, sashen mata ya rasa ma'aikata, washegari aka ɗauke ni daga ɗakin allura aka kai ni can. Gadajen ƙarfe goma sha biyu, shida nan shida can, irin na makarantarmu sak. Ina shiga na ji yatsana ya lanƙwashe da kansa. Shekara goma sha ɗaya bai manta ba. A taron safe kuma Babbar Nas ta faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, duk wadda ta ji tana buga gado za ta sake ciro fayil ɗinta ta bi shi tun daga firamare. Ba muguwa ba ce, ita ma masu asibitin ne a wuyanta.

Sai na samo dabara. Na riƙa damƙe makullin akwatina a hannun dama duk lokacin da zan tunkari gado, in ba haka ba in tabbatar da tire a hannuna. Ninkin ƙafa ma na daina, na riƙa ja wa mutane zani tamau kamar kowa. Na yi wata uku a haka. Albashi na shigowa, yara na zuwa makaranta, ni kuma in na koma gida sai in ga shatin makulli a tafin hannuna.

Ran nan na zo aikin safe na tarar an kawo sabuwar majinyaciya a gado na shida, kusa da taga. Tsohuwa ce ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ga ciwon suga ya riga ya cinye mata ido. Na ɗauki katinta na karanta sunan. Malama ce. Ta ƙanƙance, gashinta fari fat, ba agogo a ƙirji, sanye da rigar asibiti mai igiya a baya. 'Yar ƙanenta ce ke jinyarta, wata mai sanyin hali da ba ta ɗaga ido ta kalli kowa.

Kafin azahar duk sashen ya san ko wace ce. "Ita ce mai sa hannun," ake ta raɗa a teburin nas-nas. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta magani. Amma akwai yadda ake yi wa mutum aiki ba a ce masa uffan ba, a ɗaga hannunsa a ajiye kamar kayan wanki, kuma haka aka riƙa yi mata. Ni aka ba layin gadonta da safe.

Na je da makulli a hannu. Na maƙe murya na ce, "Za a gwada jini." Ta miƙo hannu. Na gwada, na rubuta, na gyara mata lulluɓi na ja shi tamau na cusa, ina ganin yatsun ƙafarta sun kwanta a ƙarƙashin zani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take saurare. Duk lokacin da ta ji takun takalmi ya nufo gadonta sai ta ɗan karkata kai wajen ƙafa, ta jira. In aka taɓa ta ba bugu sai ta mayar da kan bisa matashi. A rana ta biyu ina canja wa ta gado na biyar ruwa, na ji ta tambayi 'yar ƙanenta.

"Nan babu 'ya'yana ko ɗaya?"

"Goggo, ki yi shiru don Allah."

"Tambaya na yi."

"An ce an sallame su."

"Duka?"

"Haka aka ce."

Malama ta ce, "Allah sarki. Me suka yi?" Ni kuwa na bar wurin na shiga ɗakin ajiyar zannuwa na rufe ƙofa na tsaya a tsakanin kantoci har numfashina ya daidaita. Kunya nake ji, ba wani abu ba, kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Rana ta uku da na tashi aiki na biya gidan Gajera. Na same ta a zaure da ɗan teburi, tana sayar da sabulu da man shafawa, ta jera su a layi tsaf kamar kayan allura. Ta rame. Muka gaisa, ta tambayi yara, na ce mata Malama na gado na shida.

Ta daɗe tana juya wani sabulu a hannu. "Kin gaishe ta?"

"A'a."

"Kar ki gaishe ta," in ji ta. "Amma kar ki ƙara zuwa ki gaya mini ba ki gaishe ta ba."

Muka zauna muka yi ta tuna da. Ta tuna mini ranar da kan Baiwar Allah ya cire a hannunta ana tsakiyar jarrabawar wanka, ya gangara har ƙarƙashin gado na uku, Malama ko gezau, ta ce, "Ki ba ta haƙuri ki mayar mata." Gajera kuwa ta durƙusa ta ba roba haƙuri. Muka yi dariya har da hawaye, mai sayen sabulu ya zo ya tsaya yana kallonmu.

Safiya ta biyar aka fito zagayen duba majinyata: likita, Babbar Nas, wasu sababbin nas guda biyu da aka ɗauka a madadin su Gajera, sai ni a baya da tiren wankin ciwo. 'Yar ƙanen Malama ta fita sayo magani. Da aka iso gado na shida Malama na barci. Likita ya ce yana son ganin wurin ɗinkin aikin da aka yi mata a ƙugu. Ɗaya daga cikin sababbin ta matsa, ba sallama ba magana, ta fizge lulluɓin gaba ɗaya. Rigar asibitin ta tattare sama. Malama ta farka a firgice tana laluben bakin rigar tana ja ƙasa da hannu biyu, idanunta a buɗe ba sa ganin komai, tana cewa, "Wane ne? Wane ne?" Matar da ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da yadda ake shiga ɗakin mutum.

"Ke ba ki iya ba, matsa," Babbar Nas ta ce wa yarinyar. Ta juyo gare ni. "Ajiye tiren nan ki zo ki juya ta."

Na ajiye tire. Makullin yana aljihu, ban ciro shi ba. Mutane in na ba su labarin nan sukan ce na yi jarunta, to ba zan karɓi abin da ba nawa ba. Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ga tsohuwar tana rawar jiki, na tako zuwa ƙafar gadon, hannuna babu komai, sai na ji ƙarar ƙarfe. Ɗaya, biyu, uku.

Malama ta daina laluben riga. Har ta gado na biyar ta ɗago kai. Likita ya kalli katin da ke hannunsa kamar ya ga sabon abu a ciki.

"A ina kika koyi wannan?" in ji Babbar Nas. Ba ta ɗaga murya ba.

Na buɗe baki. Abin da ya zo mini ba makaranta ba ne, fuskar babbar 'yata ce, wadda saura wata biyar ta zana jarrabawar fita sakandare. Ban san abin da zan ce ba, kuma har yau ban san abin da da na ce ba, don Malama ta riga ni.

"Sau nawa ta buga?" Muryarta ta dawo, irin ta ɗakin gwaji, wadda ke sa mutum ya gyara tsayuwa.

Yarinyar da ta fizge lulluɓi ta ce, "Uku."

"To ba tawa ba ce," in ji Malama. "Kun san ko ni wace ce, na ji kuna faɗa. Nawa biyu suke bugawa. Ku tambayi duk wadda kuka kora. Wannan ta ga ana yi ne a wani wuri ta kwaikwaya, kwaikwayon ma ba ta iya ba. Gobara ake yi?"

Sababbin suka ƙyalƙyale da dariya. Babbar Nas ba ta yi ba. Ta kalli Malama, ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, kuma ina kyautata zaton ba a banza ta kai wannan matsayin ba.

"Haka ne?" ta ce.

Malama ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, ko ta wasa. Ta taɓa kayar da 'yar mai makarantar kansa a jarrabawa saboda ta rubuta zafin jikin da ba ta gwada ba. Yau ga ta kwance, an ɓata mata suna a jarida, ba ta da sauran abin da ta mallaka sai gaskiyarta, ta ɗauka ta shimfiɗa mini in taka in wuce. Na taka kuwa.

"Haka ne," na ce. "A wajen Gajera na gani."

"To ki daina," in ji Babbar Nas. "Juya ta, likita na jira."

Na juya ta, likita ya duba ɗinki ya ce yana kyau, suka wuce gado na bakwai. Aka bar ni in wanke ciwon. Na ja labule ya zagaye mu. Na wanke, na sa sabon bandeji, na gyara mata igiyar riga, ban ce komai ba don ban san da wace murya zan yi magana ba. Na ɗauko lulluɓin zan rufe ta.

"Uku," ta ce a hankali. "Yatsuna. Kwana biyar ke nan a matse."

Nan na durƙusa a gefen gadon na kifa goshi a katifa. Na ce, "Malama, tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Har yanzu kina jan ƙafar hagu in kina sauri."

"Ki yafe mini."

"'Ya'yanki nawa?"

"Huɗu."

"To," in ji ta. Ta lalubo kaina ta ɗan dafa, sau ɗaya, ta janye hannun. "Tashi, nas ba ta durƙusa a ƙasan asibiti. Kin san abin da ke ƙasan nan?"

Na tashi. Na je ƙafar gado na warware zanin, na kama tsakiyarsa na ninka faɗin yatsu huɗu, na cusa gefe da gefe, ina yi hawaye na ɗiga a bayan hannuna. Ta motsa yatsun ƙafarta a ƙarƙashin ninkin, dama, sannan hagu. Ta miƙo hannu ta shafa zanin iya inda hannunta ya kai.

"Tsaf," ta ce.

Ta ƙara kwana tara a wurinmu. Kullum da safe ina zuwa da makulli a hannu, in ce za a gwada jini, ta miƙo hannu kamar ba ta san ni ba. Ninkin dai ban sake fasawa ba, nakan rufe shi da bargo ta sama yadda ba mai lura. Ranar da aka sallame ta ina hutu, na dawo na tarar da wata a gado na shida. Na yi ta cewa zan je gidanta in an kwana biyu, in ƙura ta lafa, in an daina sa ido. Bayan wata bakwai Gajera ta aiko mini cewa ta rasu.

Kwamiti ya shekara biyu kafin ya fitar da rahoto. Ya ce hatimi aka sassaƙa da sa hannunta, ba ta san komai ba, kuma duk wanda sunansa ke cikin rajistar aji takardarsa ingantacciya ce. A shafi na goma sha wani abu jaridar ta buga shi, kusa da tallan katifa. Asibiti ya rubuta wa mutum biyar ɗin nan su dawo, biyu suka dawo. Gajera ta ce hannunta ya riga ya saba da sabulu. Benen makarantar yanzu wurin sayar da tayoyi ne, na taɓa tsayawa na tambayi mai wurin ko ya ga wata 'yar tsana ta roba a sama, ya kalle ni kamar na zautu.

Ni kuwa na ci gaba da aikina har na yi ritaya, yara huɗu duk suka gama karatu. Ranar da rahoton ya fito na ɗauki tsohuwar takardata na kai wa Babbar Nas na ce a sa mini a fayil. Ta karɓa, ko dubawa ba ta yi ba, ta ce, "Uku ko?" Ta jefa a ciki ta rufe.

Sau biyar ke nan Malama ta ce mini tsaf. Huɗun farko na san abin da na yi aka ba ni, na kuma san na cancanta. Na biyar ɗin, shekara ashirin ke nan ina juya shi, ban sani ba ko na ninkin ne ko na "haka ne" ɗin da na faɗa, kuma wadda zan tambaya na bari ta tafi ban je na gaishe ta ba.